Motar da Ba Ta Sallama

Kafin wata ta shigo wurin sharhi ta ce na cika zaƙewa, bari in riga ta faɗa: eh, na cika. A gidanmu ma ba a kirana da sunan da aka raɗa min. Hukuma ake ce min, tun ranar da na dawo daga jami'a na kafa dokar hana ƙona leda a tsakar gida. Amma ku tsaya ku ji abin da ya faru tukuna, sannan ku yanke min hukunci. Aurena ne yake lilo, kuma ba don an ga wani aibi a halin mutumin ba. Motarsa ce ba ta da ƙara.

Ina aiki a wata ƙungiya da ke auna gurɓatar iska. Kullum a jakata akwai wata 'yar na'ura, girmanta bai fi sabulun wanka ba, da iska ta yi datti sai ta kama tsuwa. Ku je bakin titi da ita da safe ku ji yadda take ihu kamar an taka wutsiyar mage. Wannan hayaƙin shi yaranmu ke shaƙa a hanyar makaranta, shi tsofaffinmu ke tari da shi, amma da ka yi magana sai a ce, "To ya za a yi? Haka muka taso muka gani." Wallahi babu maganar da ke tafasa min jini kamar wannan. Haka kuka taso kuka ga ana mutuwa da ƙyanda ma, me ya sa kuka yarda da allura?

To ana cikin haka Allah ya haɗa ni da shi. Likitan haƙori ne, a wayata ma haka na rubuta shi. Mutum ne mai sanyin hali, irin wanda zai cire maka haƙori yana ba ka haƙuri. Ranar da ya fara cewa zai rage min hanya daga ofis, na zagaya bayan motarsa na kara na'urata a bakin salansa. Ta yi tsuwa. Na ce masa, "Likita, kana gyara wa mutane baki kana ɓata musu huhu. Ba zan shiga ba." Na tari motar haya a gabansa, wadda ta fi tasa hayaƙi, amma wannan ba shi ne zancen ba.

Bai yi gardama ba. Bayan wani lokaci sai ga shi a ƙofar ofishinmu da wata farar mota sumul, mai lantarki, wadda ake jona wa caji kamar waya. Ya sayar da tasa ya sayi wannan. Ya sauke gilas ya ce, "Ranki ya daɗe, a zo a auna." Na auna. Shiru. 'Yan uwa, wata furanni ake kawo mata, wata turare. Ni wannan shirun shi ya tafi da ni.

Sai dai ban yi lissafi da Baba ba.

Babanmu tsohon direban motar asibiti ne, ta ɗaukar marasa lafiya. Duk ƙuruciyarsa da jiniya ya yi ta, yana tafe ana darewa. Shi a wurinsa motar kirki ita ce wadda ke sanar da zuwanta tun daga nesa. Kuma Allah ya ba shi kunne. Yana kishingiɗe a falo, mota na shawo kwanar layinmu zai ce, "Mai kawo gas ne, a buɗe masa." Ko kuma, "Mijin yayarku ne, har yau bai gyara salansar nan ba." Bai taɓa kuskure ba.

Da wannan kunnen gidanmu yake tafiya. Tsakanin jin ƙarar mota da sallamar baƙo, Umma ta sauya ɗankwali ta kwashe shanya, Baba ya zura doguwar riga a kan singileti, Gwaggo kuwa, yayar Baba da ke zaune tare da mu, ta cire ƙafafunta daga robar ruwan ɗumi, in kuma da mai zuwan ake yi, a sauya zance. A gidanmu mota ce ke fara sallama, mutum ya biyo baya.

Sannan ga Dattijuwa. Motar Baba ce, ta girme ni nesa ba kusa ba. Koriya ce a da, yanzu launinta sai wanda ya sani. Ba ta zuwa ko'ina, amma kullum da safe Baba zai shiga gareji ya ɗumama ta. Sai ta yi tari, ta yi shiru kamar ta fasa, ta sake tari, sannan ta kama da wata irin kururuwa, salansar da aka ɗaure da waya tana kaɗawa kamar ana buga gwangwani. Hayaƙi ya cika tsakar gida, na'urata ta yi ta kuka daga cikin jaka, ni ina faɗa, Baba yana murmushi yana shafa sitiyari. Haka muke karyawa kowace safiya.

Abu na ƙarshe da za ku sani: gemun Baba baƙi ne wuluk. Duk gidan mun san ba haka Allah ya bar shi ba, amma babu wanda ya taɓa gani, babu wanda ya taɓa faɗa.

An riga an yi magana, Baba ya amince manyan Likita su zo ranar Asabar. Sai Likita ya ce bari ya zo gaisuwa kafin nan, da sabuwar motar, wadda Baba bai taɓa gani ba. Na saka doguwar riga ruwan toka da mayafi fari, na fesa turaren da ya ce yana so, ina ɗaki ina jiran Baba ya ce, "Ga mutuminki nan."

Baba bai ce ba. Domin Baba yana bakin gareji, ƙyaure a buɗe, daga shi sai singileti da gajeren wando, ya sunkuya a madubin gefen Dattijuwa, da murfin kwalba cike da baƙin dayis a hannu ɗaya, tsohon burushin haƙori a ɗayan. Ya natsu, ya san layin babu mota, da akwai ai da ya ji.

Ta taga na hango farar motar ta sulalo kamar inuwa ta tsaya daf da bayansa. Kafin in buɗe baki Likita ya fito ya durƙusa.

"Salamu alaikum, Baba, ina kwana?"

Baba ya zabura, burushi ya bi ta kan hanci har kunne. Ya juyo, rabin gemu baƙi, rabi fari fat kamar auduga. Suka tsaya kallon juna. A raina ina ta addu'a: Likita, yi shiru, don girman Allah ka kalli ƙasa ka yi shiru.

Amma sana'a mugun abu ce. Idonsa ya sauka a kan burushin.

"Baba," ya ce a hankali, "ba dai da wannan ake wanke baki ba ko?"

Daga cikin gida muka ji Gwaggo ta fashe da dariya har tana buga cinya.

Da yamma Baba ya tara mu a falo. Ya sa farar riga, gemu ya koma baƙi gaba ɗaya, sai dai wani layi da ya ƙi fita a kan hanci.

"A gaya wa mutanen nan su dakata," ya ce. "Ba Asabar ɗin nan ba."

"Malam, saboda me?" in ji Umma.

"Mutumin da zai shigo maka gida ba ka ji shi ba, wannan suruki ne ko kyanwa? Yau gemu ya gani. Gobe fa? Kina tsakar gida kina faɗin abin da ke ranki, sai ki juyo ki gan shi tsaye."

Na gyara zama. "Baba, ai ya yi sallama."

"Shi ya yi. Motarsa ta yi?"

"Mota ba ta sallama, Baba! Wannan ƙarar da kuke yabo asara ce. Mai ne ke ƙonewa a banza, rabinsa zafi, rabinsa guba. Duniya ta wuce nan. Akwai garuruwan da yanzu haka..."

"Hukuma."

"Na'am."

"Duniyar ce za ta ba da aurenki ko ni?"

Gwaggo ta tsoma baki tana tsane ƙafa da tawul. "Ni dai ba ruwana da gemu, gemun wani ne ya kama wuta, ni ko na shafa wa ruwa ba ni da shi. Amma an ce min batir ne shimfiɗe a ƙarƙashin kujerun motar nan tun daga gaba har baya. Mace ta yi ta zama a kan batir, anya za a ga 'ya'ya?"

"Gwaggo, wayarki kullum a cikin rigarki take kwana, kuma ita ma batir ce."

"To ai ni na gama haihuwata, 'yar nema."

Na tashi na ɗauko kwamfutata na buɗe musu hotunan huhun mai shaƙar hayaƙi da na wanda ba ya shaƙa. Na yi bayani har muryata ta dishe. Da na ɗago, Baba ya kunna rediyo, Gwaggo tana gyangyaɗi, Umma ce kaɗai ke kallona, da irin kallon da ake wa wanda ke zuba ruwa a rariya.

Labari kuwa ya riga ya zaga layi. Washegari zan fita aiki, mai shagon ƙofar gidanmu ya tare ni.

"Hukuma, wai da gaske in ruwan sama ya taɓa motar nan jan mutum take yi?"

Mai faci na gefensa ya ce, "Kai, ba wannan ba. In aka ɗauke wuta kwana biyu fa? Sai ango ya goya amarya."

"Ni ta burge ni," in ji wani direban tasi da ke shan iska a kan benci. "Ba mai, ba juye, ba bakanike ya ce maka kawo kaza. Matsalarta ɗaya, mata ba za su san ka dawo ba."

"Ai wannan ba matsala ba ce, rahama ce," in ji mai faci.

Na tsaya na yi musu lacca har na makara. Sun saurara da ladabi, sun gyaɗa kai, da na juya na ji mai shago yana cewa, "Allah ya ba likitan nan haƙuri."

A ofis na kasa aiki, sai waya.

Ni: Baba ya dakatar da Asabar.

Likita: Na ji. Laifina ne. Burushin ne ya tsaya min a rai.

Ni: Ba laifinka ba ne, laifin tunanin jiya ne. Kada ka sare. Da hujja za mu ci su.

Likita: Ko in ari motar ƙanina in zo da ita? Tana da ƙara sosai, har maƙwabta sun kai ƙararsa.

Ni: Ka kuskura. Duk ranar da ka zo ƙofar gidanmu da motar fetur, ka ɗauka ni ma na dakatar da Asabar.

Likita: To ranki ya daɗe.

Ni: Ina nufin abin da na faɗa.

Likita: Na sani. Shi ya sa nake tsoro.

Sai ga wani saƙon.

Likita: Ki turo min lambar Umma, ina so in ba ta haƙuri.

Na tura, har ina jin daɗi wai yaro mai tarbiyya. Da na san abin da za su ƙulla, da na ce wayar Umma ta faɗa ruwa.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi wani iri. Baba ba ya min magana sai ta bakin Umma. Umma kuwa ta koyi wani sabon hali, da safe in Baba ya shiga gareji sai in gan ta tana shara a bakin ƙofar garejin, wurin da ba ta taɓa sharewa ba, waya a hannu. Na ɗauka lallashinsa take. A ƙarshe dai ta shawo kansa ya yarda Likita ya sake zuwa ranar Juma'a da la'asar, ya ba da haƙuri, a ga abin da hali zai yi.

Ni: Da wace mota za ka zo?

Likita: Da tawa.

Ni: Ka yi hon tun daga kwana.

Likita: An yi tanadin abin da ya fi hon.

Ni: Wane tanadi?

Ya turo min hoton fuska mai murmushi. Mutum mai sanyi in ya fara dabara, a ji tsoro.

Ranar Juma'a Umma ta sauya labulen falo, ta shimfiɗa sabon kafet, ta jera kofunan gilas da ba a fito da su sai baƙo na musamman. Baba ya hakimce a kujerarsa cikin riga mai ruwan ƙasa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya cire takalmi, fuska a murtuke kamar alƙali. Gwaggo ta ci ɗaurin ɗankwali ta zauna kusa da ƙofa don kada komai ya wuce ta. Ni kuma ina gefe cikin shuɗiyar riga.

Sai muka ji daga kwanar layi.

Tari. Shiru. Wani tarin. Sannan kururuwa, da ƙarar gwangwani tana kaɗawa.

Kunnen Baba ya motsa. Ya sauke ƙafa. Ya kalli bangon da gareji ke bayansa, ya kalli taga, ya sake kallon bango.

"Wannan ai Dattijuwa ce," ya ce a hankali.

Umma ta sunkuyar da kai tana murmushi, irin na wanda dabararsa ta ci.

"Dattijuwa ce a kan titi!" Baba ya miƙe tsaye. "An sace Dattijuwa! Ɓarawo! Jama'a, ɓarawo!"

Murmushin Umma ya ɓace. "Malam, tsaya..."

Ina! Mutumin da kullum ke kukan gwiwa ya tsallake teburin falo kamar ɗan wasan tsere, ya fice ba takalmi. Muka rufa masa baya. Kafin mu kai ƙofa layi ya amsa. Mai shago ya fito da sandar rufe shago, mai faci da ƙarfen cire taya, direban tasi ya gitta motarsa ya toshe hanya, mata suna leƙe ta kan katanga.

Ga farar motar Likita a tsakiyar titi, tana walƙiya, tana tari da muryar Dattijuwa.

Sai a lokacin na gane. Ya tambayi Umma wace irin ƙarar mota Baba ya fi so, ita kuma ta gaya masa gaskiya: guda ɗaya ce a duniya. Ta ɗaukar masa ƙarar Dattijuwa a waya, ya kai aka ɗaura masa lasifika a ƙarƙashin mota. Su a tunaninsu Baba zai ji sautin da ransa ke so, zuciyarsa ta yi laushi. Babu wanda ya tuna cewa mutumin da ya san muryar motarsa kamar ta 'yarsa, in ya ji ta a waje, ba daɗi zai ji ba.

Baba ya tsaya turus. Ya zagaya motar. Ya koma da gudu ya leƙa gareji, ga Dattijuwa lafiya lau a ƙarƙashin bargonta. Ya dawo yana haki.

Likita ya fito, fuskarsa ta yi fari kamar rigar aikinsa, yana ta latsa waya. "Baba, ina wuni. Yanzu zan kashe. Yanzun nan."

Bai kashe ba, ƙara sauti ya yi. Kuma Umma, Allah ya ba ta lafiya, ba ta san ana yanke abin da aka ɗauka ba. Ƙarar injin ta lafa, sai ga muryar Baba ta cika layi, a tausashe, irin muryar da ban taɓa jin ya yi wa ɗan Adam magana da ita ba:

"Yawwa 'yar albarka. Haba ta gidana. Yi haƙuri, sanyi ne ko? Ke kaɗai ce ba kya mayar min da magana a gidan nan."

Sai mai faci ya saki ƙarfen hannunsa ya durƙushe yana dariya. Daga nan kowa ya ɓarke. Direban tasi har da kwanciya a kan bonet. Wata daga kan katanga ta ce, "Baba Direba, ashe ka iya kalamai!"

"Kashe abin nan," in ji Baba.

"Ina ƙoƙari, Baba."

"'Yar albarka," in ji lasifika, ta sake daga farko.

Na fizge wayar na kashe. Na kalli Likita. Da ido zai iya cire haƙori, da ya koma gida da dasashi. Ni da nake yawo ofis-ofis ina cewa a raba mu da ƙarar inji, ga wanda zan aura ya saya wa motar lantarki tari!

Baba ya gyara wuyan rigarsa. Ƙafafunsa duk ƙura. Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi komai ba ni tsoro.

"Likita, kai ba ka kwana a gidana. Wannan muryar daga cikin garejina aka ɗauke ta. Wa ya ɗauka?"

"Ni ne, Baba. Ni na..."

"Kada ka ƙara ƙarya a kan sata. Wa ya ɗauka?"

Na waiga. Umma tana bakin ƙofa, ta kama ƙyaure, mayafinta ya zame ba ta sani ba. Gwaggo kuma tana bayanta, ido ya yi tar, ta fara haɗa biyu da biyu. Ku da kuke da gwaggo a gida kun san abin da nake nufi. In Gwaggo ta ji cewa Umma ce ta mayar da ƙaninta abin dariyar layi, to Umma ta samu abin da za a riƙa yi mata gori da shi har jikoki. Kuma Baba, a gaban wannan taron, ba zai iya yafe wa matarsa da surukin da suka haɗa baki ba. Asabar ta tafi ke nan, ba dakatarwa ba, tafiya.

Ni ce mai cewa gaskiya ɗaya ce. Ni ce na taɓa mayar wa shugabana rahoto saboda ya rage lamba ɗaya. Sai na ji bakina yana cewa:

"Ni ce, Baba."

Likita ya juyo da sauri. Na taka masa ƙafa.

"Ke?" in ji Baba.

"Ni."

"Ke da kike toshe hanci in na tayar da ita? Ke da kika ce a kai ta wurin masu sayen tsohon ƙarfe?"

"Ai... muryarta daban ce, Baba. Na ga babu sautin da ya kai nata."

Allah ya yafe min. Na'urata tana cikin jaka, na tabbata da tana da baki da ta yi tsuwa.

Baba ya daɗe yana kallona. Sannan ya juya ya shiga gida. Babu wanda ya watse, mai shago ma ya bar mai sayen sabulu a tsaye. Likita ya matso yana raɗa, "Ranki ya daɗe, ki yi haƙuri, ni fa na ɗauka..." Na ce masa in ya sake magana zan auna shi.

Baba ya fito, wannan karon da takalmi, hannunsa a dunƙule. Ya tsaya a tsakiyar taro ya yi gyaran murya.

"Jama'a, ku shaida. Na daɗe ina tunanin wa zan bar wa Dattijuwa. Mijin babbar 'yata ko salansarsa ya kasa riƙewa. Ashe mai sonta na cikin gidana, kunya ce ta hana ta faɗa." Ya juya wurin Likita. "Ka gaya wa manyanka su zo gobe, kamar yadda aka tsara."

"Allah ya ƙara girma, Baba! Allah ya saka da alheri!" Likita ya zube har ƙasa.

"Ban gama ba. Dattijuwa ita ce gudummawata. Inda Hukuma ta tare, nan za ta tare. Kuma ba ajiya na ba ku ba. Kullum da safe a ɗumama ta, don in na biyo ta layinku in san gidan da mutane."

"Mun karɓa, Baba! Mun gode!" in ji Likita, tun kafin a tambaye shi.

Layi ya ɗauki tafi. Gwaggo tana share hawaye tana cewa, "Ai jini ba ya ƙarya." Baba ya matso ya buɗe tafin hannunsa a gabana. Makullin ne, ya sha hannu har ya yi santsi, da wani tsohon zare a ɗaure.

Na ce cikin raɗa, "Baba, kun san aikina. Fuskata ce a jikin allon da ke cewa a daina hayaƙi."

Shi ma ya rage murya, yadda ni kaɗai zan ji, fuskarsa ɗauke da murmushin uba mai alfahari saboda 'yan kallo.

"Na san uwarki ce. Tsintsiyarta ma na ji a ciki. In kin fi so, ki faɗa da ƙarfi, ga Gwaggonki nan tana jira."

Na kalli Umma. Na kalli Likita da ke durƙushe yana washe haƙoransa masu kyau. Na kalli makullin.

Na karɓa.

Yanzu haka ina ɗakina nake rubuto muku wannan, makullin na kan gado kusa da na'urar, kamar maƙiya biyu da aka haɗa a kujera ɗaya a motar haya. Daga falo ina jin Baba yana waya, yana gaya wa wani abokinsa cewa ilimin zamani bai lalata masa 'ya ba. Umma ta leƙo ɗazu ta ajiye min lemo mai sanyi, ta fita da sauri.

Sai wayata ta yi ƙara.

Likita: Ranki ya daɗe, alhamdulillah. Amma akwai 'yar magana.

Ni: Faɗi.

Likita: Garejin gidan da za mu zauna mota ɗaya yake ci, kuma a nan wurin cajin yake. Baba ya kira ni yanzu, ya ce Dattijuwa ba ta taɓa kwana a waje ba.